Ziyara Dandalin Rumawa Na El Jem: Me Za Ki Faɗa Wa Yaranki?

Idan Allah Ya kai ki ƙasar Tunisiya tare da maigida da yara, to ki ware wuni guda domin garin El Jem, wanda ke tsakanin Susa da Safakis, kimanin kilomita 200 kudu da birnin Tunis. Jirgin ƙasa yana tsayawa a garin, kuma tun daga nesa za ki hango wani makeken gini na dutse ya kere gidajen mutane. Wannan shi ne dandalin wasan Rumawa, wanda aka gina wajen shekara ta 238 Miladiyya.

A wancan zamani sunan garin Tisdurus, kuma cinikin man zaitun ne ya arzuta shi har ya iya irin wannan aiki. Tsawon ginin mita 148 ne, faɗinsa mita 122, an kuma ƙiyasta yana ɗaukar 'yan kallo kusan 35,000. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Za ki ga gefe guda a rushe. Wannan aikin igwa ne, domin a 1695 sojojin mai mulkin Tunis suka fasa bangon don su fito da 'yan tawayen da suka ɓuya a ciki.

Ki fara da hawa matakala zuwa sama, inda za ki ga filin gaba ɗaya. A dokar Rumawa tun zamanin sarki Agustus, can ƙololuwa ake ajiye mata, manyan gari kuwa suna gaba dab da fili. Daga nan sai ki sauko ƙarƙashin ƙasa, inda akwai dogayen lunguna da ƙananan ɗakuna masu duhu. A nan ake tsare zakuna da damisa, da kuma mutanen da ke jiran a fito da su.

To 'yar uwa, a nan ne yaro zai ja gyalenki ya ce, "Mama, me ake yi a nan?" Kada ki ce masa wasa kawai ake yi. Bisa al'adar Rumawa, da safe a yi farautar namun daji a cikin fili, da rana tsaka a kashe waɗanda aka yanke wa hukunci, da yamma kuma mayaƙa su gwabza da makamai, da yawansu bayi ne ko fursunonin yaƙi. Yashin da ake shimfiɗawa a filin, don ya tsotse jini ne. Ki gaya masa daidai hankalinsa, ba tare da kin firgita shi ba, cewa waɗanda suka mutu a nan 'ya'yan wasu ne, kuma dubban mutane sun zauna suna shewa.

Sannan ki tambaye shi: da yana cikin 'yan kallon, da ya yi tafi? Wannan tambaya za ta biyo ku har gida, domin yaron da ke dariya yana kallon bidiyon dukan wani a waya, shi ma ɗan kallo ne.

Ki je da sassafe, musamman a watannin Yuli da Agusta da zafi ke tsananta, kuma inuwa kaɗan ce a wurin. Ki riƙe ruwan sha, ki sa takalmi maras tsini, ki kama hannun ƙananan yara a matakala, don duwatsun sun sha taku sun yi santsi. Kafin ku wuce, ku leƙa gidan adana kayan tarihi na garin, inda aka ajiye zane-zanen da Rumawa suka yi da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen gidajensu.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.