Raya Tsofaffin Masallatan Ƙasa: Haƙƙin Wakafi Ne, Ba Na Zakka Ba

Daga cikin buƙatun da suka iso ofishinmu a bana akwai ta wata ƙungiyar unguwa a Kademi. Suna da ƙaramin masallaci na ƙasa wanda kakanninsu suka gina, iyayensu kuma suka yi karatun allo a farfajiyarsa. Yanzu bango ya tsage, indararo ya karye, gara ta ci wasu azarori. Kan jama'a ya rabu: wasu na ganin a rushe a yi na bulo da kwano, wasu kuwa na ganin a gyara. Tambaya biyu suka kawo mana: shin za a taimaka musu daga zakka? Sannan wanne ya fi, gyara ko rushewa? Da yake irin wannan tambaya kan zo daga garuruwan Gaya da Ajingi, muka ga ya dace mu bayyana matsayinmu a nan.

Game da ta farko, Allah Maɗaukaki ya iyakance masu cin zakka kashi takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Jumhurin malamai, har da Malikiyya, ba su shigar da ginin masallaci ko gyaransa cikin waɗannan kaso ba. Saboda haka ba ma ɗaukar haƙƙin fakirai da miskinai mu sayi azara. Ƙofar wannan aiki ita ce sadaka mai gudana da wakafi, wato hubusi, wanda asalinsa yake komawa ga gonar Sayyidina Umar ta Haibara. Masallaci shi kansa hubusi ne: ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Malaman fiƙihu kuma sun gabatar da gyaran abin wakafi a kan rabon amfaninsa, domin idan tushe ya lalace amfani ya yanke.

Game da ta biyu, ba mu ce rushewa haramun ce a kowane hali ba. Idan masallaci ya yi wa jama'a kaɗan, faɗaɗa shi maslaha ce. Amma a nan matsalar ba ƙunci ba ce, rashin kulawa ne. Abin da ya faru a Zariya ya isa izina. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 ya rayu kusan shekara ɗari biyu, sannan ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Darasi biyu ke nan a wuri guda: ginin ƙasa yana daɗewa ƙwarai, kuma ba a wasa da tsagar bango.

Misalin da ya fi kama da na Kademi yana Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace, har aka yi niyyar rushe shi a yi na siminti. Ginin yana da nasaba da Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na garin Yama ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, suka shawo kan jama'a a bar shi. Aka kira maginan da suka san ginin tun asali suka gyara shi, aka gina sabon masallaci mai faɗi a gefensa da tubalin ƙasa, aka kammala a 2018. Tsohon ginin kuwa aka mayar da shi ɗakin karatu. Sauya wa masallaci aiki mas'ala ce da sai malamai sun yi fatawa a kanta, kuma ba ita muke kira zuwa gare ta ba. Abin koyi shi ne, mutanen gari da maginansu ne suka riƙe aikin.

Bisa wannan muka amince mu tallafa daga asusun wakafi, da sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, a daina salla ƙarƙashin sashen da ya tsage har sai injiniya da tsohon magini sun duba tare. Idan suka ce ba ya gyaruwa, rai ya fi gini. Na biyu, a gyara da irin kayan da aka gina shi: tubali, azarar giginya, da yaɓen ƙasa mai makuba. Shafen siminti a kan bangon ƙasa yana tsare laima a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye har shafen ya ɓanɓare. Na uku, a gyara indararo, a kuma sabunta yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, domin ruwan da ya kwanta a kan soro ko a gindin bango shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa. Na huɗu, ƙungiya ta ɗauki nauyin ƙwadago ta hanyar gayya, ta kuma naɗa mai kula da zai riƙa rubuta shiga da fita.

Abin da ya rage shi ne mafi muhimmanci. Gyaran bana ba zai hana damina mai zuwa yin aikinta ba. Masallacin yana buƙatar ɗan hubusi nasa na kansa, ko gona ce ko rumfar kasuwa, wanda amfaninsa zai riƙa biyan yaɓen shekara-shekara. Muna kira ga masu hali daga 'yan asalin Kademi, na gida da na waje, su cike wannan gurbi. Allah ya karɓa daga waɗanda suka gina, ya ba waɗanda suka gada ikon riƙon amana.