Agogon Hannu Mai Cin Hasken Rana: A Duba Kafin A Biya

Duk wanda ya saba ratsa Babbar Kasuwar Gombe ya san teburan masu gyaran agogo, da ɗan akwatinsu na gilashi, da agogunan da aka jera a ciki waɗanda masu su suka kawo tun bara har yau ba su dawo karɓa ba. In mutum ya tsaya ya lura da abin da ke kawo jama'a wurinsu, zai ga yawanci ba wata babbar ɓarna ba ce, batir ne ya ƙare. A sa sabo, bayan shekara biyu a sake dawowa, in kuwa an yi rashin sa'a batirin jabu ne, wata uku ma ya yi yawa. Kowace buɗewa kuma robar da ke tare ruwa da ƙura tana ƙara saki, har ranar da mai agogo zai ga gumi ya taru a ƙarƙashin gilashi.

To, akwai wani irin agogo da ke shigowa kasuwanninmu wanda aka ƙera domin a raba mutum da wannan zirga-zirga. Hasken rana yake ci, sa'an nan ban da nuna lokaci yana da awon gudu, watau abin da Turawa ke kira kuronogiraf. Ba shi da arha, kuma jabunsa sun cika gari. Saboda haka ya kamata mai saye ya san abin da ke cikinsa kafin ya zaro kuɗi.

Dattawanmu sun san agogo mai wani, wanda ake murɗa masa kai kowace safiya. Bayansa aka yi yayin Seiko 5, wanda ya fito a 1963, mai yi wa kansa wani da motsin hannu, kuma shekaru da yawa shi ne tsarabar da ake sa ran alhaji ya zo da ita daga Makka. A ran 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da ɗan dutsen nan da ake kira kwarts. A agogunan yanzu, idan wutar batir ta taɓa wannan dutse sai ya riƙa karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, da wannan ne agogon ke ƙidaya lokaci. Daidaitonsa ya wuce na mai wani nesa, amma ya zo da larurar batir. A 1972 wani Ba'amurke mai suna Roger Riehl ya nuna agogo mai lambobi da ke shan rana, Synchronar. A 1976 Citizen ya fitar da mai hannuwa irin wanda muka saba da shi, Seiko ya biyo baya a 1977. Sunan Eco-Drive da ake gani a fuskar agogunan Citizen ya fito ne a tsakiyar shekarun 1990, Casio kuwa yana kiran nasa Tough Solar.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar ganewa ga mutumin Gombe, tun da yana ganin allunan sola a kan rufin gidaje da rijiyoyin burtsatse da fitilun titi. Ƙaramin irin wannan allo ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin fuskar agogon. Ita fuskar, ko da ido yana ganinta baƙa ko shuɗiya, an yi ta yadda haske zai ratsa ta. Allon ya juya hasken zuwa wuta, wutar ta tafi cikin wani ɗan batir na musamman mai ɗaukar caji, daga nan agogo ke ci dare da rana. Wannan batir yakan yi shekara goma ko fiye ba a taɓa shi ba. Alal misali, injin Seiko mai lamba V175, wanda ke cikin agoguna da dama na irin wannan, idan ya cika da caji yana iya yin wata shida yana tafiya ko da an kulle shi a duhu, kuma kuskurensa ba ya wuce sakan 15 a wata. Agogo mai wani yana iya yin wannan kuskure a yini guda.

Kowane haske yana ci, har na ƙwan lantarki, sai dai ba ɗaya ba ne. 'Yan mintoci a rana tsaka sun ishe shi aikin yini, alhali a ƙarƙashin fitilar ofis sai ya yi awoyi kafin ya sami wannan. Rana kuwa ita ce abin da ba mu rasa ba a Gombe. Abin da ke cutar wannan agogo a wurinmu shi ne suturarmu. Hannun kaftani ya sauko har wuyan hannu, babbar riga ta lulluɓe, sai agogo ya yini a inuwa, da dare kuma a tura shi ƙarƙashin matashin kai. Wasu ma ba sa ɗaura shi sai ranar Juma'a da Salla da ɗaurin aure, sauran kwanaki yana cikin akwati. Haka zai yi ta cin abin da ya tara har ya ƙare. Kafin ya tsaya yana yin gargaɗi: hannun sakan zai fara tsalle biyu-biyu maimakon ɗaya-ɗaya. Wanda ya ga haka ya sani yunwa agogonsa ke ji.

Wannan shi ne abin da ya sami wani yayana. An kawo masa irinsa tsaraba daga Umra, don ƙauna ya adana shi a durowa kusan shekara, da ya ɗauko ya tarar ya tsaya. Ya kai wa wani mai gyara, shi kuwa bai yi wata-wata ba ya buɗe bayansa, ya ciro batirin asali ya jefar, ya cusa na yau da kullum. Agogo ya tashi, kowa ya yi murna. Ba a yi wata biyu ba batirin ya kumbura ya zubar da ruwansa a cikin inji, aka yi asarar agogon baki ɗaya. Kamfanonin da kansu suna rubuta gargaɗi a kan haka a cikin 'yar takardar da ke zuwa da agogon, domin batirin yau da kullum ba a yi shi don caji ba, allon kuwa ba zai fasa tura masa wuta ba. Da Yaya ya ajiye shi a bakin taga kwana biyu ko uku, da ya tashi da kansa ba a kashe ko kwabo ba. Ban ga laifin mai gyaran sosai ba, abin da ya sani ya yi. Amma lalle ya kamata masu wannan sana'a su koyi bambancin, su kuma tanadi batirin da ya dace.

A kula kuma, shan haske daban, gasawa daban. A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, kuma gaban mota da aka rufe a rana yana wuce 60, wanda shi ne iyakar da masu ƙera agogon ke cewa kada a ƙetare. Bakin taga da hantsi, inda iska ke kaɗawa, ya wadatar.

Sai awon gudu. Asalinsa daga sukuwa ne: a 1821 wani mai ƙera agogo a Faransa, Nicolas Rieussec, ya yi na'urar da ke ɗiga tawada a kan fuskar agogo domin a san lokacin da kowane doki ya iso a wata sukuwa da aka yi a Paris. Ma'anar sunan ke nan, mai rubuta lokaci. Na yanzu ba tawada. Mai karatu zai ga maɓallai biyu a gefen dama, ɗaya a sama da abin saiti ɗaya a ƙasa, da ƙananan da'irori biyu ko uku a cikin fuskar. Dogon siririn hannun da ke tsaye cak a kan 12 na awon ne, ba ya motsi sai an danna, sakan na kullum yana cikin ɗaya daga ƙananan da'irorin. Mutane da yawa sun mayar da sabon agogo kanti suna faɗa wai hannunsa ya mutu. Danna na sama, ya tashi. Sake dannawa, ya tsaya. Danna na ƙasa, ya koma 12. Wata da'irar tana ƙidaya mintocin da aka auna, a V175 har zuwa 60, ta ukun kuma tana nuna awa 24 don a bambanta dare da rana.

Wani zai ce wannan ai na malamin wasanni ne da ke auna gudun yara a filin wasa na Pantami, ko ma'aikaciyar asibiti mai ƙidaya bugun jini. Gaskiya ne, amma akwai lambobin da aka jera a kewayen bakin wasu agogunan, daga 400 ko 500 suna sauka har 60, waɗanda yawancin masu ɗaurawa suka ɗauka ado ne. Takimita ake kiransu, aikinsu shi ne su faɗa maka sau nawa abu zai faru a awa guda. A kan hanyar Gombe zuwa Bauci, inda turakun kilomita suka saura, fasinja ya danna a turke ɗaya ya tsayar a na gaba. In hannun ya tsaya a sakan 45, lambar da ke daidai da shi 80 ce, watau kilomita 80 a awa, iyakar da dokar hanya ta ba ƙananan motoci a irin wannan titi. In ya tsaya a sakan 30, to 120 direba ke yi, ko da kuwa ma'aunin gudun motar ya daɗe da mutuwa kamar yadda muka saba gani a motocin haya. Lokacin yin magana ke nan. Fasinja na ce, ba direba ba.

Manomin rani a Dadin Kowa da ke son sanin ƙarfin injin ban ruwa kafin ya saya, ya sa tiyo a duro mai lita 200 ya danna. In ya cika a sakan 40, agogo zai nuna masa 90: duro 90 a awa, lita 18,000 ke nan. Haka mai lodin buhuna a Tudun Hatsi. Sharaɗi ɗaya ne, abin da ake aunawa ya ƙare cikin minti guda. Na san kowace wayar hannu tana da ma'aunin sakan, amma waya kullum tana neman caji, kuma ba kowa ne ke son zaro ta a tsakiyar kasuwa ko a bakin ruwa ba.

Maganar ruwa ta kawo mu ga alwala, wadda masu ƙera agogo a Japan da Siwizalan ba su yi lissafi da ita ba. A bayan kowane agogo na kirki an rubuta ƙarfinsa. Mai mita 30 na fantsama ne da yayyafi kawai, ba nufinsa a nutse da shi mita 30 ba. Wanda zai riƙa haɗuwa da ruwa sau biyar a rana gara ya nemi mai mita 100, a wasu ana rubuta 10 BAR. Ko shi ɗin, kada a danna maɓalli ko a ja abin saiti yana jiƙe, domin ta nan ruwa ke shiga. Ni dai har yanzu cirewa nake yi, don ruwa ya kai ko'ina a hannu, amma na san irin agogunan da aka manta a bakin famfon masallaci. Sarƙar ƙarfe ta fi fata jure gumi, fata takan yi wari ta tsage kafin damina biyu. Gilashin da ake kira safaya ya fi jure ƙarzar yashi da ƙurar hunturu, sai dai yana ƙara kuɗi.

Babbar damuwa ita ce jabu. A tashar mota za a miƙo maka agogo mai sheƙi, an rubuta masa sunan babban kamfani da kalmar sola, ƙananan da'irori uku ras, a kuɗin da bai kai na buhun siminti ba. Danna maɓallan a gaban mai sayarwa. A wasu za ka ga ba sa danna komai, ƙananan hannuwan liƙa su aka yi ko zana su. A wasu da'irorin suna aiki amma rana da kwanan wata suke nunawa, wannan agogo ne mai kyau a matsayinsa, amma ba mai awon gudu ba ne, kada a biya kuɗin awo. A na gaske, dogon hannun yana komawa kan 12 daidai. In ya ɗan kauce ba lalacewa ba ce, akwai yadda ake saita shi da abin saiti da maɓallan, yana cikin takardar.

Gane sola na gaske ya fi wuya, tun da ba za ka zauna wata shida a kanti kana jira ba. Karkata fuskar a rana, a wasu za ka hango duhun allon ko layukansa a ƙarƙashi. Juya bayansa ka duba lambar inji, ka gwada ta da wadda ke cikin takarda da katin garanti. In an zo da mai gyara ya buɗe aka ga batirin nan na yau da kullum wanda ake sayarwa a kati, magana ta ƙare. Mai sayarwar da ya ce takardar ta ɓata, akwatin ma ya ɓata, kuma yana sauri motarsa za ta tashi, a bar masa kayansa.