Rinin Hoto da Shayi ko Gahawa

Baƙin da ake gani a jikin hoto baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne, suna kwance cikin wani danƙo bisa takarda. In mai wanke hoto yana so ya mai da shi ƙasa-ƙasa, hanya biyu gare shi, kuma bai kamata a kira su da suna ɗaya ba.

Ta fari ita ce ta maganin farar wuta, wanda ke haɗuwa da azurfar ya sāke ta, hoton ya daɗe bai lalace ba. Ta biyu kuwa, a ɗauraye hoton sarai, a tsoma shi cikin shayi mai kauri ko gahawa, bayan sun huce. Baurin shayi, irin na bagaruwar majema, shi ke kama danƙon da takardar, azurfa kuwa tana nan yadda take. Saboda haka farin hoton ke rinewa, watau rini ne kurum, ba ya ƙara masa kwana.

Amma shuɗin hoton da Herschel ya ƙago a 1842 dabam yake. Launinsa na ƙarfe ne, bauri kuwa yana haɗuwa da ƙarfe, shuɗin ya koma baƙi-baƙi.