Tsoron Magana a Gaban Jama'a da Yadda Ake Rage Shi

'Yar'uwa, a asibitin koyarwa likita ba ya zuwa bakin gado shi kaɗai. Yakan zo da ƙananan likitoci da ɗalibai da ma'aikatan jinya, duk su zuba miki ido, sannan ya ce, "Hajiya, me ke damunki?" A nan ne bakin mata da yawa yake mutuwa, su ce "Da sauƙi," alhali babu sauƙin. Haka nan a ɗakin awo, idan an gama lacca an ce mai tambaya ta yi, sai a yi tsit. Wannan shirun yana da haɗari, domin mai cikin da ta ɓoye ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi tana iya kasancewa a hanyar jijjiga.

Abin da kike ji a lokacin ba taɓin aljanu ba ne, ba kuma rashin wayo ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ɗauka kina cikin haɗari, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin adiranalin cikin jini. Shi ke sa zuciya bugawa da sauri, yawu ya ƙafe, hannu ya yi gumi, murya ta yi rawa. Idan kika daure kika ci gaba da magana, yawanci yakan lafa da kansa. Amma duk ranar da kika kauce, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara gaskata cewa lallai akwai abin tsoro, gobe ya fi na yau ƙarfi.

Saboda haka maganinsa yawan gwadawa ne, kaɗan-kaɗan, a cikin mutanen da ba za su yi miki dariya ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 1924 aka kafa ƙungiyar Toastmasters a Amurka, inda mutane ke haɗuwa don kawai kowa ya tashi ya yi magana a saurare shi. Ke ma ba sai kin yi nisa ba. Ku haɗu ku biyar ko shida, daga 'yan adashinku ko 'yan ajinku na Islamiyya, ko matan da kuke zuwa awo rana ɗaya. Mako na farko kowacce ta faɗi sunanta da unguwarsu tana zaune. Mako na biyu ta miƙe tsaye ta yi minti ɗaya a kan abin da ta sani sarai, kamar yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Daga nan sai ɗaya ta zama likita, ke kuma ki faɗi damuwarki: me ke ciwo, yaushe ya fara, wane magani kika sha. A ganina wannan ne ya fi amfani, domin tambayoyin da za a yi miki ke nan a asibiti. Sharaɗi ɗaya ne: ba dariya, ba kai zance waje.

Kafin ki buɗe baki, ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali, kamar sau uku. Kada ki sha ƙwaya ko maganin tari mai kodin don wai ki sami ƙarfin hali, balle kina da ciki.

Idan zuciyarki na bugawa da sauri ko kina zaune ke kaɗai, ga kasala ko rama, ki zo a duba ki, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo haka. Idan kuma tsoron ya kai ga hana ki shiga mutane, akwai likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke taimakawa a kansa.

Zubar jini, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin ɗa ba sa jiran sai kin koyi magana. Idan ba za ki iya faɗa a cikin taro ba, ki kira ungozoma gefe ki gaya mata nan take.