2.4 Waƙoƙin Gaisuwa da Sada Zumunci

Manazarta sun saba karkasa rubutattun waƙoƙin Hausa ta fuskar jigo, kamar wa'azi da madahu da ilimi da siyasa. Sai dai akwai wani rukuni da wannan rabo bai cika kamawa ba, wato waƙar da marubuci kan tsara domin ɗan'uwa ko amini, ya aika masa a lokacin salla ko biki ko wani sha'ani na gida. Irin wannan waƙa ita ce wannan bincike ya kira waƙar gaisuwa.

A ƙasashen Turai ma an san wannan al'ada. Robert Burns (1759-1796), mawaƙin ƙasar Sikotilan, ya sha rubuta wa abokansa wasiƙa a waƙe. Da aka fara buga katin gaisuwar Kirsimeti na sayarwa a Landan a shekarar 1843, sai irin waɗannan gajerun baitoci suka sami mazauni a jikin kati.

A yankin da ake nazari kuwa, al'adar ta girmi zuwan kati nesa ba kusa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga a yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana zaune a garin Boɗinga. A wannan zamani ne, a 1813, Malam Abdullahi ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a cikin Tazyinul Waraƙati, inda ake samun yabon malamansa da marsiyyar 'yan'uwa da abokai. Misali mafi kusa da abin da ake magana a kai shi ne na Nana Asma'u (1793-1864). Yayanta Muhammadu Bello ya tsara mata waƙa a lokacin da ake cikin fargabar yaƙi, ya fara kowane baiti da harafi ɗaya daga wata aya ta Suratu Sharhi, ita kuma ta mayar masa da amsa a kan wannan tsari. Ke nan waƙar ta yi aikin wasiƙa, ta kuma yi aikin addu'a da kwantar da hankali.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa waɗannan suka tsira. Waƙar wa'azi almajirai ne ke haddace ta, makafi su rera ta a kasuwa, don haka ba ta mutuwa da wuri. Haka ma Waƙar Nijeriya ta Alhaji Shehu Shagari ta yaɗu saboda an buga ta, an kuma karanta ta a makarantu. Waƙar gaisuwa kuwa kwafinta ɗaya ne, mai ita ɗaya ne. Idan gara ta ci takardar, ko aka raba gado aka watsar da ita, shi ke nan. Na gidan Shehu sun kai gare mu ne domin zuriyarsu ta adana su, har Jean Boyd da Beverly Mack suka buga ayyukan Nana Asma'u a 1997.

Wannan ne ya sa a ganin mai wannan bincike ƙarancin irin waɗannan waƙoƙi a ɗakunan karatu ba hujja ba ce ta cewa ba a rubuta su. Wurin neman su shi ne gafakar malamai da akwatunan tsofaffin malaman makaranta a Boɗinga da Shagari, kuma sai da yardar magada ake buɗe su.