Gidan Kallo a Gummi da Tsofaffin Silimomin Kano

Da an idar da sallar isha'i a Gummi za ka ji janareto ya tashi a bayan wata rumfar kwano, samari kuma sun fara gangarowa bibbiyu, uku-uku. A bakin ƙofa akwai baƙin allo da aka rubuta wasannin ranar da alli, a ƙasa kuma sunan fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa da za a saka in an tashi ƙwallo. Yaron mai gidan na tsaye da canji dunƙule a hannu. Ya san mai biya nan take, ya san mai cewa, "Rubuta mini, ƙanena, sai ranar kasuwa." A ciki benci ne jere a kan yashi, talabijin biyu rataye a jikin azara, fanka guda tana ta juya zafi. Wanda ya makara sai tsayuwa a baya, yana ɗaga murya: "Malam, don Allah sunkuyar da kai!" A waje mai shayi ya hura wuta, mai rake ya jingine amalankensa, domin su ma a nan cinikinsu na dare yake.

Haka abin yake a Anka da Bukkuyum, sai dai inda matsalar tsaro ta sa mutane shiga gida da wuri. Waɗannan rumfuna su ne suka gaji silima, ko da yake yawancin masu zama a kan bencin ba su taɓa ganin injin haska fim ba. Kakanninsu kuwa majigi suka sani: motar gwamnatin Jihar Arewa ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim irin su Baban Larai don koyar da noma, mai bayani yana ta magana da lasifika. Kyauta ne, kuma yara da manya kowa na zuwa.

Silima ta kuɗi, mai katanga da tikiti, abin manyan birane ce, kuma a Kano tarihinta ya fi fitowa fili. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa. Ginin ba shi da rufi, shi ya sa sai duhu ya yi ake fara haskawa, in kuma hadari ya taso kallo ya watse. Daga baya aka samu El Duniya, Plaza, Orion, Eldorado, Marhaba da Wapa, kuma 'yan kasuwa Kwarori ne suka daɗe suna riƙe da harkar. Su ne suka gano cewa mutanenmu sun fi son finafinan Indiya a kan na Turawa. Har laƙabi 'yan kallo suka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin.

Tun farko dai silima ba ta shigo da farin jini ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka rasu. Mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara. A daidai wannan zamani kuma aka buɗe Palace a cikin birni, a Jakara kusa da kasuwar Kurmi, lokacin Sarki Abdullahi Bayero, kuma matasa suka tarbi buɗewar da jifa. Matan aure ba sa zuwa silima. Yaron kirki in ya je, a ɓoye yake zuwa. Duk wanda zai yi maganar adana waɗannan gine-gine dole ya fara da amincewa cewa ƙorafin iyaye yana da tushe: an sha ƙwaya a bakin silima, an yi daba, an yi abin da bai kamata ba.

Palace ɗin nan ita ce ta fi jan hankalina. A 1983, cikin watanni ukun da Sabo Bakin Zuwo ya yi yana gwamnan Kano, ya rufe ta ya mayar da ita asibiti. Mutane sun yaba, kuma ni ma ina ganin an yi dabara. Wurin da unguwa take kuka da shi ya koma wurin da mace za ta kai ɗanta a duba shi. Abin lura shi ne, ba a raba filin ga 'yan kasuwa ba. Wuri ne da jama'a ke taruwa, aka canja abin da suke taruwa dominsa, ya ci gaba da zama na kowa.

Sauran ba su yi wannan dace ba. Kaset ɗin bidiyo ya shigo gidaje, a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, matan da silima ta bari a baya suka zama manyan 'yan kallo daga cikin ɗakunansu. Darajar naira ta faɗi, sayo fim daga waje ya yi tsada. Sai kuma zuwan shari'a: a Gusau aka ƙaddamar da ita ranar 27 ga Oktoba, 1999, zamanin Ahmad Sani Yariman Bakura, aka rufe gidajen silima, Kano kuma ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Daga nan silimomin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kasuwa suna cinye filayen. Yau in ɗan Gummi ya ce zai je Wapa, canjin dala ko riyal zai yi kafin tafiya Umara.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, tunda an samu sababbin silimomi a manyan kantuna irin na Ado Bayero Mall? Ai kuɗin tikitinsu kaɗai ya raba su da ɗan acaɓa da mai tura baro. Tsohuwar silima kuwa tana tsakiyar unguwa, da ƙafa ake zuwa, kuma babban fili ne mai katanga, da wurin zama a jere, da bango guda da kowa ke fuskanta. Irin wannan wuri ba ya sake samuwa a Fagge ko Ƙofar Wambai in an yanka shi shaguna. Maƙwabtanmu sun gane haka. A N'Djamena, gwamnatin Chadi ta gyara silimar Le Normandie aka sake buɗe ta a 2011, bayan ta shafe shekaru masu yawa a kulle, kuma abin da ya zaburar da ita shi ne kyautar da fim ɗin Mahamat-Saleh Haroun ya ciyo a bikin Cannes na Faransa a 2010. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso, masu shirya finafinai ne da kansu suka yi ta neman tallafi don sake gina Ciné Guimbi.

Namu ba lallai ya bi tafarkinsu sak ba. Abin da nake fata shi ne duk inda tsohon ginin silima ya rage a Kano, Gusau ko Sakkwato, ƙaramar hukuma da masarauta su zauna da magada kafin dillalai su riga su. Wuri guda zai iya ɗaukar tafsiri da azumi, musabaƙa, walimar saukar karatu, wasan kwaikwayon 'yan makaranta, taron ƙungiyar manoma, da fim ɗin Hausa da hukuma ta tace. A ware ranakun mata da yara, da rana tsaka, mata ne a ƙofa. Wannan shi ne abin da tsohuwar silima ba ta taɓa yi ba, kuma rashinsa ya taimaka wajen kashe ta. Kuɗin haya na biki da taro su za su riƙe wurin, domin tikitin fim kaɗai ba zai sayi man janareto ba.

A garuruwa irin Gummi kuwa, inda kallo ya koma rumfar kwano, akwai gyaran da ba ya jiran kowa. Da yawa daga cikin gidajen kallon ƙofa ɗaya gare su, ƙunƙuntacciya, ga jarkar fetur a gefen janareto, ga wayoyin wuta a saƙale bisa kan mutane. Wanda ya san labarin El Duniya ba zai shiga irin wannan wuri hankali kwance ba. Ƙofa ta biyu a baya, da matsar da janareto nesa da bango, da bokitin yashi, ba su kai kuɗin talabijin guda ba. Ya kamata masu unguwanni su sa wannan cikin sharuɗɗan da suke gindaya wa mai gidan kallo, kamar yadda suke hana shi kunna sauti lokacin salla da barin ƙananan yara su kai dare.

Akwai kuma dattawan da suka yi aiki a silimomin Kano, masu haska fim da masu yankan tikiti da masu liƙa fosta a kan allo suna zagaya gari. Wasunsu na raye, wasu ma suna ajiye da fostoci da gwangwanayen fim a ƙarƙashin gado. Ɗaliban Jami'ar Bayero masu nazarin Hausa da aikin jarida za su iya bin su da rikoda su ɗauki bayaninsu, kayan kuma a nema musu ɗaki a Gidan Makama.