Bangon sunaye da bashin 'yan mazan jiya

A birnin Washington akwai wani bango na baƙin dutse da aka goge har yana ɗaukar ido. In ka tsaya gabansa, fuskarka za ka gani a tsakiyar sunayen matattu. Sunayen sun haura 58,000, na sojojin Amurka da suka mutu ko suka ɓace a yaƙin Biyetnam, an jera su bisa ranar da kowa ya faɗi, babu ruwan bangon da wane ne janar, wane ne kurtu. Masu ziyara kan ɗora farar takarda a kan sunan ɗan'uwansu su goga fensir har sunan ya fito, su naɗe su tafi da shi gida. Wasu kan bar wasiƙa a gindin bangon, wasu takalmin soja, wasu hoton jikan da mamacin bai gani ba.

Kafin wannan bango, abin da aka saba gani a dandalin birane shi ne mutum-mutumin jarumi bisa doki, takobi a zare. Gwamnati ce ke ginawa, nasararta take yabo. To Biyetnam ba ta bar wa Amurka nasarar da za ta yi tutiya da ita ba. Samarin da suka dawo sun tarar da jama'ar da ta gaji da yaƙin, ba ta son jin labarinsa. Shi ya sa ba gwamnati ce ta fara maganar ginin ba. Wani tsohon soja da aka raunata a can, Jan Scruggs, shi ya kafa asusu a 1979, jama'a suka yi karo-karo har aka tara sama da dala miliyan 8. Cikin zane 1,421 da aka shigar gasa, na wata ɗaliba mai shekara 21, Maya Lin, ya yi nasara, aka buɗe bangon a Nuwamban 1982.

Akwai dalili na biyu da ya sa salon tunawa da sojoji ya sauya, wanda a ganina ya fi na farko nauyi. A 1980 likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka suka amince a hukumance cewa firgitar da ke bin mutum bayan ya ga tashin hankali cuta ce mai suna da magani. Sojan da ba ya barci, wanda ƙarar ƙofa ke sa shi neman maɓoya, wanda ya kasa zama da matarsa ko riƙe aiki, a da ragwanta ake jingina masa. Da aka ba ciwon suna, sai masu sassaƙa da masu zane suka sami abin nunawa. A 2004 aka kafa wani ɗan allo kusa da bangon domin waɗanda suka dawo da rai amma yaƙin ya bi su gida ya kashe su daga baya. A 2014 aka buɗe wani wurin tunawa a Washington musamman domin sojojin da suka nakasa. A Ingila ma, a 2001 aka kafa mutum-mutumin wani matashin soja da aka ɗaure wa idanu, domin mutum 306 da rundunarsu ta harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya bisa zargin tsoro ko gudu daga fagen daga. Shekara biyar bayan nan gwamnati ta yi musu afuwa.

Amfanin irin waɗannan wuraren tunawa ba ƙarami ba ne. Mutumin da ya shekara ashirin bai buɗe baki ya gaya wa iyalinsa abin da ya gani ba, yakan iya yin kuka a gaban dutse. Amma dutse ba ya biyan kuɗin asibiti. Diyyar waɗanda gubar da aka fesa wa dazukan Biyetnam ta lahanta ba ta samu gindin zama a doka ba sai 1991, bayan shari'o'i da matsin lamba na shekaru. Har yau kuma alƙaluman ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka na nuna cewa sama da 6,000 daga cikinsu ke kashe kansu a kowace shekara.

Mu a Afirka ta Yamma mun san wannan giɓi tun kafin Amurka ta san shi. A 1923 Faransa ta kafa mutum-mutumin Demba da Dupont a Dakar, sojan Afirka da Bafaranshe kafaɗa da kafaɗa. Yana nan tsaye a ranar 1 ga Disamba, 1944, lokacin da aka buɗe wa sojojin Afirka wuta a barikin Thiaroye saboda sun nemi haƙƙinsu na albashi. Yana nan tsaye a 1959 da aka daskarar da fanshonsu, ba a kuma daidaita shi gaba ɗaya da na Faransawa ba sai 2011, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe idon yawancinsu. A Accra, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsoffin sojoji suka nufi fadar gwamna da takardar koke kan alƙawuran da ba a cika musu ba, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Rundunar da suka yi wa aiki ita ce wadda kakanninmu suka cika, wadda ta yi yaƙin Bama, wadda ma da Hausa ake ba da umarni a cikinta shekaru da dama.

A Najeriya, kowace 15 ga Janairu shugabanni kan ajiye furanni a Abuja, a saki fararen tattabaru. A wannan birni dai an sha ganin tsoffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi suna neman haƙƙoƙinsu na ritaya. Ga kuma dubban da suka yi shekaru a Sambisa da bakin Tafkin Chadi da dazukan Zamfara, suna dawowa unguwanninmu da abin da ba su iya faɗa wa kowa.

Na san mutanenmu ba sa son mutum-mutumi, kuma dalilinsu na addini ne. Amma zanen Maya Lin babu siffar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, rubutu ne zalla, irin abin da ba zai tayar da hankalin kowa ba a Maiduguri ko Gusau ko Diffa. Sunan da aka rubuta a bainar jama'a yana da wuyar musantawa, kuma matar mamaci da marayunsa za su sami abin nunawa ranar da aka ce musu fayil ya ɓace.

Don haka ina kira ga gwamnonin jihohin da yaƙin ya shafa da ƙungiyar 'yan mazan jiya: in za a gina irin wannan bango, a rubuta sunan kowa, har da 'yan sa-kai, har da waɗanda suka rasu bayan sun tuɓe kaki. A zauna da masu rai a tambaye su abin da suke so a nuna. Kuma kada a yanke ƙyallen buɗewa alhali akwai tsohon soja ɗaya a jihar da ke bin bashin fanshonsa.